Hawan dutse ba ya son gaggawa

A shekara ta 1968 an yi babban wasan duniya, wanda ake kira Olimpik, a birnin Meziko. Ƙasashe fiye da 100 suka aika da ƴan wasansu. Ƙasarmu Nijar ma ta aika da ƴan dambe, cikinsu har da Isaka Dabore. A wannan wasa wani abu ya faru wanda ya zama darasi ga likitoci da masu horar da ƴan wasa.

Akwai wani gwanin gudu mutumin ƙasar Ostareliya, sunansa Ron Kilak. A lokacin nan babu wanda ya taɓa gudun kilometir 10 da sauri kamarsa a duniya duka. Amma ranar tseren shi ne ya zo na shida. Yana isa ƙarshen fage sai ya faɗi a some, har sai da likita ya sa masa iskar taimako. Wanda ya zo na ɗaya shi ne Naftali Temu, mutumin Kenya. Na biyu kuwa Mamo Walde ne, mutumin Habasha, wanda bayan ƴan kwanaki ya cinye babban tseren kilometir 42.

Ron Kilak ba rago ba ne, kuma ba shi da wata cuta a ranar. Birnin Meziko yana bisa tudu mai tsawon metir 2,240 daga bakin teku. Shi ya tashi a ƙasa mai kwari. Su kuwa Naftali Temu da Mamo Walde sun girma a ƙasashen tudu, jikinsu ya saba da iskar can.

Wannan labari ya shafe mu. Matasanmu suna tafiya bida Aljeriya da Cadi da Kamaru, inda akwai manyan duwatsu. Ƴan kasuwa da ɗalibai da ƴan ƙwallo suna sauka a Adis Ababa, babban birnin Habasha, wanda tudunsa ya wuce na Meziko. Wasu kuma suna hawa duwatsun Abzin don aikin lambu ko kiwo ko fatauci. Ya kamata kowa ya san abin da tudu ke yi wa jikin mutum, da yadda ake shirya masa.

Mi ya sa numfashi ke wuya a bisa tudu?

Ana auna tsawon tudu daga bakin teku. Yamai da Maraɗi da Tawa da Damagaram duk ba su wuce metir 500 ba. Ke nan mu mutanen kwari ne. Tamanrasat ta Aljeriya ta kusa metir 1,400. Ƙololuwar dutsen Bagazam a Abzin, wurin da ya fi ko'ina tudu a Nijar, tana da metir 2,022. Dutsen Tahat na Aljeriya ya kusa metir 3,000. Emi Kusi na ƙasar Cadi yana da metir 3,415. Dutsen Kamaru ya wuce metir 4,000. Kilimanjaro na ƙasar Tanzaniya, wanda ya fi dukan duwatsun Afirka, yana da metir 5,895.

Cikin iskar da muke shaƙa akwai wani kashi da ke raya jiki. Likitoci suna kiransa oksijan. Idan aka raba iska kashi biyar, kashi ɗaya ne oksijan. Sai da shi zuciya ke bugawa, ƙafa ta taka, ƙwaƙwalwa ta yi tunani.

Ku dubi auduga da aka jibge a rumbu. Ta ƙasa a danne take, ta sama kuwa a sake. Haka iska take. A kwari a danne take, saboda nauyin iskar da ke samanta. Duk sa'ad da mutum ya ƙara hawa, iska tana ƙara sakewa. Saboda haka numfashi ɗaya a bisa dutse ba ya kawo oksijan kamar numfashi ɗaya a gida. Kamar fura mai kauri ce da fura mai ruwa-ruwa: ludayi ɗaya ne, amma ƙoshin ba ɗaya ba ne.

A metir 3,000, kowane numfashi yana kawo wajen kashi 70 cikin 100 na abin da yake kawowa a bakin teku. A metir 5,500 rabi ne kawai. Tun daga metir 1,500 mai aikin ƙarfi ke fara jin cewa yana saurin gajiya.

Yadda jiki ke sabawa

Jikin mutum yana da dabarar sabawa, amma yana bukatar lokaci. Da zarar mutum ya isa bisa tudu, numfashinsa yana ƙara sauri, zuciyarsa ma tana ƙara bugawa. Cikin kwanakin farko yana yawan fitsari, barcinsa kuma ba ya nauyi. Wannan duka aikin jiki ne, ba cuta ba ce. Bayan kwana biyu zuwa huɗu yawancin mutane suna jin sauƙi.

Akwai wani aiki kuma da ke ɗaukar makonni. Cikin jini akwai jajayen ƙwayoyi. Su ne jakunan da ke ɗaukar oksijan daga huhu su kai shi ko'ina cikin jiki. Idan oksijan ya yi ƙaranci, ƙoda tana aika saƙo ga ɓargo, shi kuma ya ƙara yawan waɗannan ƙwayoyi. Shi ya sa gwanayen gudu na ƙasashe da yawa ke zuwa garin Iten na Kenya, mai tudun wajen metir 2,400, su zauna mako uku ko huɗu suna horo kafin babban tsere.

A nan akwai abin lura. Ɓargo ba ya iya ƙera jajayen ƙwayoyi sai da sinadarin ƙarfe, wanda ake samu cikin abinci. Mai ƙarancin jini ya riga ya rasa jakuna tun daga gida. In ya hau tudu, wahalarsa biyu ce.

Ciwon tudu da alamominsa

Idan mutum ya hau da sauri, jiki bai samu lokacin sabawa ba, sai ciwon tudu ya kama shi. Yawanci yana farawa daga metir 2,500 zuwa sama. Ba ya zuwa nan take. Yakan bayyana bayan awa 6 zuwa 12 da isowa, sau da yawa a daren farko. Babbar alamarsa ciwon kai ce. Tare da shi akwai tashin zuciya, ƙin abinci, jiri da kasala.

Mutum na iya zaton masassara ce, ko kuma wani abu ne na dutsen ya taɓa shi. Dokar da masana suka kafa ita ce: wanda ya yi rashin lafiya a bisa tudu, a ɗauka ciwon tudu ne har sai an tabbatar da wani abu dabam. Maganinsa na farko shi ne a daina hawa. A huta a wurin kwana ɗaya ko biyu, a sha ruwa, a sha farasitamol don ciwon kai. In bai yi sauƙi ba, a sauko.

Akwai iri biyu masu kisa. Na farko, ruwa ya taru cikin huhu. Mutum yana haki ko yana zaune, yana tari, leɓɓansa su yi duhu, wani lokaci majinarsa ta fito da kumfa mai ja-ja. Na biyu, ƙwaƙwalwa ta kumbura. Mutum yana tangaɗi kamar wanda ya bugu, maganarsa ta rikice, barci mai nauyi ya riƙa ɗaukarsa. Ga yadda ake gwadawa: a ja layi a ƙasa, a ce ya bi shi, diddigen ƙafa ɗaya yana taɓa yatsun ɗayar. In ya kasa, haɗari ya zo.

Wanda aka ga waɗannan alamomi gare shi, a sauko da shi nan da nan, ko da dare ne. Kada a jira safiya. Kada a bar shi ya sauka shi kaɗai. In da jaki ko raƙumi ko mota, a ɗora shi, don kada ya ƙara gajiya. Saukowar metir 300 zuwa 1,000 takan kawo sauƙi sosai. Daga nan a wuce da shi gidan likita.

Ƙarfi ba ya kare mutum

Manomin da ke yini yana huɗa, ko ɗan kokowa da ke kā da abokan karawarsa, zai iya cewa shi wannan bai shafe shi ba. Kuskure ne. Likitoci sun tabbatar cewa ƙarfin jiki ba ya hana ciwon tudu. Sau da yawa ma samari majiya ƙarfi ne ke fara kwantawa, saboda su ne ke rige-rigen hawa, kuma su ne ke jin kunyar cewa kansu na ciwo.

Wani zai tambaya: to, yaya masu tseren dutsen Kamaru suke yi? Tun shekara ta 1973 ake wannan tsere a garin Buweya, yawanci cikin watan Fabrairu. Masu gudu suna tashi daga gari, su hau har ƙololuwa, su dawo a rana ɗaya. Wata mace mai suna Sara Etonge ta cinye tseren mata har sau bakwai. Amsa ita ce, gwanayen nan suna yin watanni suna horo a jikin dutsen. Kuma ba su kwana a sama. Cikin ƴan awoyi sun sauko, kafin ciwon ya samu lokacin kama su. Wanda zai kwana ya yi aiki a bisa tudu, lissafinsa dabam ne.

Amfanin horo shi ne, mai horo yana tafiya da kaya ba tare da ya ƙarar da ƙarfinsa duka ba. Amma horo ba ya maye gurbin hawa sannu a hankali.

Waɗanda ya wajaba su ga likita tukuna

Na farko su ne masu amosanin jini, wanda muke kira emasi. Idan oksijan ya ragu, jajayen ƙwayoyinsu suna lanƙwashewa kamar lauje, su toshe ƙananan hanyoyin jini. Mai wannan ciwo kada ya nufi ƙasa mai tudu sai da yardar likita.

Akwai kuma waɗanda suka gaji rabin ciwon daga uwa ko uba kawai. Ana ce da su masu jinin AS. Suna da yawa a ƙasarmu, lafiyarsu lau, kuma da yawansu ba su san suna da shi ba. Amma in tudu da aikin ƙarfi da ƙishirwa suka haɗu, saifarsu na iya toshewa. A shekara ta 2007 wani ɗan wasan ƙwallo na Amurka mai jinin AS ya yi wasa a birnin Denba. Ya kwanta ciwo mai tsanani, har sai da aka cire masa saifa. Tudun Denba kuwa wajen metir 1,600 ne, bai kai na Bagazam ba. Alamar ita ce ciwo mai zafi a gefen hagu na ciki, ƙarƙashin haƙarƙari. Wanda ya ji haka ya daina aiki, ya sha ruwa, a sauko da shi, a kai shi asibiti. Awon jini ne ke nuna irin jinin mutum. Ana yin shi a manyan asibitoci, kuma a Yamai akwai cibiyar ƙasa ta masu emasi.

Sauran su ne masu ciwon zuciya, masu hawan jini, masu fuka ko daɗaɗɗen tari, mata masu ciki, da masu tafiya da ƙananan yara. Wanda ke fama da masassara ko ciwon ƙirji ya jira ya warke kafin ya tashi.

Shiri tun daga gida

Shiri nagari yana farawa wata biyu kafin tafiya. Abu uku ne: gyaran jini, horon ƙafa da numfashi, da tanadin kaya.

Gyaran jini. A je gidan likita a auna jini. Masassarar cizon sauro da tsutsar ciki da tsargiya suna shanye jinin mutum, saboda haka a yi maganinsu. Sa'an nan a kula da tukunya. Hanta da nama da kifi sun fi kome ba da sinadarin ƙarfe. Wake da gero da ganyen zogale da alayyafo da kuka su ma suna da shi. Lemun tsami da tumatir da gwaiba suna taimaka wa jiki ya tsotse shi, don haka a haɗa su da abinci. Shayi mai kauri kuwa yana hana shi shiga jiki. A bar shayi sai bayan awa ɗaya ko biyu da cin abinci. In likita ya ba da ƙwayar ƙarin jini, a sha ta har ta ƙare.

Horon ƙafa da numfashi. Noma yana gina hannu da baya, amma hawan dutse aikin cinya ne da huhu. A fara da tafiyar sauri ta rabin awa, sau uku ko huɗu a mako, da sanyin safiya. Kowane mako a ƙara kaɗan, har a kai tafiyar awa biyu ko uku. Daga mako na uku a riƙa ɗaukar kaya a baya, a fara da marar nauyi. A nemi wurin hawa: tudun rairayi, duwatsun Adar, ko duwatsun da ke cikin Damagaram. A koyi sauka kamar yadda ake koyon hawa, don sauka ce ke gajiyar da gwiwa. Ma'aunin tafiya mai kyau shi ne mutum ya iya magana da abokinsa yana tafe. In haki ya hana magana, a rage sauri. Makon ƙarshe a sassauta, a samu barci isasshe. Mai shan taba ya yi ƙoƙari ya bari, domin hayaƙinta yana cinye wurin oksijan cikin jini.

Tanadin kaya. Duk metir 1,000 da aka hau, zafi yana raguwa da wajen digiri 6. A lokacin ɗari, a bisa duwatsun Abzin, akwai daren da ruwa ke daskarewa. A tanadi bargo, rigar sanyi, hula da safa. A tafi da takalmin da ƙafa ta riga ta saba da shi. Rana kuma ta fi ƙuna a sama, ko da ba a jin zafinta, don haka rawani da tabarau suna da amfani.

Dokokin hawa

1. Abin lura shi ne tudun wurin kwana. Ana iya hawa sama da rana, a dawo ƙasa kaɗan a kwana.

2. Wanda ya fito daga kwari ya yada zango na kwana ɗaya ko biyu kafin ya wuce metir 2,500.

3. Daga metir 3,000 zuwa sama, kada wurin kwanan yau ya fi na jiya da fiye da metir 500.

4. Bayan kowane kwana uku ko huɗu na hawa, a huta yini ɗaya.

5. Wanda jirgi ko mota ta kai shi gari mai tudu kai tsaye, ya yi kwana biyu ba tare da aikin ƙarfi ba.

6. Mai ciwon kai da tashin zuciya kada ya ƙara hawa, kome matsawar abokan tafiya.

7. Ayari ya bi saurin wanda ya fi kowa rauni. Kowace safiya a tambayi juna yadda aka kwana, kuma a faɗi gaskiya.

Abin yi da abin bari a can sama

Iskar tudu busasshiya ce, kuma saurin numfashi yana fitar da ruwan jiki. A riƙa shan ruwa kaɗan-kaɗan duk yini. Fitsari ne shaida: in ya yi duhu, ruwa bai isa ba. Sha'awar abinci takan ragu, amma dole a ci. Fura, shinkafa, tuwo da dabino sun fi abinci mai maiƙo sauƙi ga ciki.

A guji giya da ƙwayoyin barci. A guji taramol, wanda wasu matasa ke sha wai don ƙarfin aiki. Dukansu suna rage numfashi a wurin da jiki ya fi bukatarsa, kuma suna ɓoye alamomin ciwo har lokaci ya ƙure.

Kada a kwana da wutar gawayi cikin rufaffen ɗaki ko tanti. Gawayi yana fitar da wata guba marar wari da ke hana jini ɗaukar oksijan. A gida ma tana kisa, balle a bisa dutse. A dafa abinci a waje, a ji ɗumi da bargo.

Akwai magani mai suna asetazolamid da ke taimaka wa jiki ya saba da sauri. Ana fara shan shi kwana ɗaya kafin hawa. Likita ne kaɗai ke ba da shi, bayan ya duba mutum. Kada a saye shi hannun masu tallar magani a kasuwa. Kuma mai shan shi bai kuɓuta daga dokokin hawa ba.

Jama'a masu karatu, wanda ya karanta wannan shafi ya karanta wa ɗansa ko ƙanensa mai shirin tafiya. Ya tabbata an auna jininsa kafin ya bar gida. Ya gaya masa cewa komawa baya a bisa dutse ba abin kunya ba ne, domin dutsen yana nan gobe. Magabata sun ce sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.